Baƙi, talauci da siyasar jam'iyyu a Kano: Abin da Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni ke nunawa

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Najeriya, ko kuma rayuwa ta yi tsanani, akwai maganar da kan sake kunno kai a jihohin arewacin ƙasar, wato maganar baƙi.

Jam'iyyun siyasa kan zargi juna da shigo da 'yan ƙasashen maƙwabta domin su kaɗa ƙuri'a. Jami'an tsaro kan ɗora wa baƙin haure alhakin wasu laifuka. Shi kuma talakan gari yakan yi ƙorafin cewa ɗan abin da ya rage masa ma rububinsa ake yi da shi.

Sai dai tarihin birnin Kano na shekaru fiye da 40 da suka wuce ya nuna cewa ba kowane baƙo ne wannan magana take shafa ba. Mai dukiya kan sami wurin zama da takardu da mutunci ko daga ina ya fito, yayin da nauyin dokokin shige da fice da na asali kan faɗa a kan marasa ƙarfi, baƙi da 'yan gari baki ɗaya.

Ƙaramar hukumar Tarauni, wadda unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ke cikinta, na daga cikin wuraren da ake iya ganin wannan lamari ƙarara.

Mashigar birni

Tarauni ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, kuma tana cikin guda takwas da suka haɗu suka zama birnin Kano da kewaye. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane sama da 220,000, a lokacin da jihar baki ɗaya ke da sama da miliyan 9. Tun daga wancan lokaci ba a sake ƙidayar jama'a a Najeriya ba, domin wadda aka shirya yi a 2023 ɗage ta aka yi.

Ƙaramar hukumar na da mazaɓu goma, ciki har da Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Unguwa Uku da Darmanawa da Daurawa da Hotoro da ita kanta Tarauni. Dukkansu a bayan ganuwar tsohon birni suke, kuma yawancin yankin ya cika da gidaje ne a 'yan shekarun da birnin ya tumbatsa ya haɗiye gonaki da ƙauyukan da ke gefensa.

Titin Zariya, wanda ya haɗa Kano da Kaduna da Abuja, ta nan ya ratsa. A bakinsa ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, inda marasa lafiya ke zuwa daga jihohin arewa da dama har ma da Jamhuriyar Nijar. Gaba kaɗan akwai tashar motar Unguwa Uku, wadda ke sauke fasinjoji dare da rana. A Farm Centre kuwa akwai babbar kasuwar wayoyin salula, da kuma ofishin fasfo na hukumar shige da fice ta ƙasa.

Wanda ya zagaya waɗannan unguwanni zai ga manyan gidaje masu dogayen katangu, a bayansu kuma lunguna masu cunkoso inda iyali guda kan yi haya a ɗaki ɗaya ko biyu. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai masu hidimar yau da kullum: masu gadi, da 'yan ga-ruwa masu tura kura, da masu shayi, da masu wankin takalmi, da leburorin gini, da 'yan jari-bola. Da yawa daga cikinsu ba a Kano aka haife su ba.

Baƙi iri uku

A bakin jama'a kalmar baƙo ɗaya ce, amma a idon doka mutane iri uku ne take ɗauke da su.

Na farko shi ne ɗan wata ƙasa, wanda galibi daga Nijar yake, sai kuma Chadi da Kamaru da Mali. Shi ne dokar shige da fice ta shafa kai tsaye.

Na biyu shi ne ɗan Najeriya daga wata jiha, ko Bayarabe ne ko Ibo ko Babarbare, ko ma Bahaushe daga Katsina ko Jigawa. Kundin tsarin mulki ya ba shi 'yancin zama a ko'ina, amma tsarin asalin jiha ya rage masa wasu haƙƙoƙi.

Na uku shi ne ɗan ci-rani ko almajiri daga karkarar Kano. A takarda ɗan jiha ne cikakke, amma a birni ba shi da muhalli ko tsayayyar sana'a, kuma sau da yawa ba shi da wanda zai tsaya masa.

A kan titi da wuya a bambanta waɗannan mutane, domin harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, suturarsu ɗaya. Iyakar Najeriya da Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a wasu yarjejeniyoyi tsakanin 1890 da 1906, ta kuma raba dangi da masarautu gida biyu. Sarakunan Katsina na dauri, alal misali, a Maraɗi suka kafa sabuwar cibiya bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan ne ya sa ake cewa ƙasashen biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Garin da baƙi suka raya

Karɓar baƙi tsohuwar al'ada ce a Kano. Tarihi ya nuna Wangarawa sun iso daga Mali a ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji, sannan Shehu Maghili ya zo daga arewacin Afirka a ƙarshen ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa. Sunayen unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa da Ayagi har yanzu suna shaida inda mazaunansu na farko suka fito.

Manyan fataken goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, duk asalinsu daga wasu wurare ne. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma, daga zuriyar Agalawa ya fito. Janar Sani Abacha haifaffen Kano ne, amma asalin iyayensa Barebari ne daga Borno.

A tsohon tsari, wanda ya zauna ya yi sana'a, ya yi aure, ya bi al'adar gari, to 'ya'yansa Kanawa ne. Mulkin mallaka ne ya fara sa katanga a hukumance. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, Turawa sun keɓe Sabon Gari a wajajen 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu, suka raba su da mutanen birni ta fuskar mulki da shari'a. Daga nan aka fara samun mazauna da za su shekara hamsin a Kano amma ana ci gaba da ɗaukarsu baƙi.

Farin da aka yi a yankin Sahel a 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, ya koro dubban mutane zuwa Kano, ciki har da Buzaye da dabbobinsu suka mutu, waɗanda da yawansu suka koma aikin gadi. A baya-bayan nan kuma rikicin Boko Haram da hare-haren 'yan bindiga a Zamfara da Katsina sun ƙara yawan masu neman mafaka a birnin.

Abin da doka ta ce

Harkar shige da fice a hannun gwamnatin tarayya kaɗai take. Gwamnan Kano ko shugaban ƙaramar hukumar Tarauni ba su da ikon ba wani izinin zama a ƙasa ko korarsa daga cikinta. Dokar da ake aiki da ita ita ce ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963.

A 1979 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka sanya hannu a kan yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta bai wa ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardun tafiya. Wanda zai wuce haka sai ya nemi katin zama.

Matsalar ita ce akasarin 'yan ci-rani ba su da fasfo ko wata takarda, ba kuma ta ƙofar hukuma suke shigowa ba. Don haka mutum na iya shekara 20 yana gadi a Gyaɗi-Gyaɗi, kowa a unguwa ya san shi, amma a idon doka baƙon haure ne.

Haihuwa a Najeriya ma ba ta isa ta mayar da mutum ɗan ƙasa ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya shardanta cewa sai ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ya kasance ɗan ƙasa. Mai neman zama ɗan ƙasa ta hanyar daɗewa kuwa sai ya shekara 15, ya kuma bi matakan da talaka marar ilimin boko ba zai iya bi ba cikin sauƙi.

A watan Yulin 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da rajistar baƙi ta kwamfuta, tare da afuwar wata shida ga waɗanda ba su da takardu. Daga ƙarshen 2020 kuma aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa. Waɗannan matakai sun sa takarda ta zama mabuɗin asusun banki da layin waya da tallafin gwamnati, abin da ya ƙara nisanta wanda ba shi da ita daga harkokin yau da kullum.

Darasin Jamhuriya ta Biyu

A Jamhuriya ta Biyu ne aka ga yadda dokar shige da fice ke iya zama makamin jam'iyya.

A watan Janairun 1980 gwamnatin tarayya ta jam'iyyar NPN ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno kuma jigo a jam'iyyar adawa ta GNPP, ta tsallakar da shi zuwa Chadi bisa zargin cewa ba ɗan Najeriya ba ne. Kotu ta yi watsi da zargin, ta tabbatar masa da 'yancinsa na ɗan ƙasa.

A watan Disambar wannan shekara rikicin Maitatsine ya ɓarke a unguwar 'Yan Awaki da ke Kano, inda kwamitin binciken gwamnati ya ce mutane 4,177 suka rasa rayukansu. Jagoran ƙungiyar, Muhammadu Marwa, ɗan asalin arewacin Kamaru ne, kuma an taɓa korarsa daga Kano a farkon shekarun 1960. Gwamnatin tarayya ta NPN da gwamnatin jiha ta PRP a ƙarƙashin Alhaji Abubakar Rimi sun yi ta nuna wa juna yatsa a kan wanda ya yi sakaci.

An yi ta cewa baƙi ne suka kawo fitinar. Amma binciken masana, irin su Paul Lubeck, ya nuna cewa mafi yawan mabiyan 'yan Najeriya ne, matasa da gardawa daga karkara, waɗanda suka shigo birni a zamanin arzikin man fetur suka ga dukiya tana yawo ba tare da ta taɓa hannunsu ba.

Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Ranar 17 ga Janairun 1983, watanni kaɗan kafin babban zaɓe, ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ya bai wa baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice. An ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan biyu suka bar ƙasar, kimanin rabinsu 'yan Ghana, sauran kuma daga Nijar da Chadi da Kamaru da Togo da Benin.

Korar ba ta farfaɗo da tattalin arziki ba. A ƙarshen shekarar sojoji suka kifar da gwamnatin. Gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakoki a 1984, ta kuma sake korar baƙi kimanin 700,000 a 1985. Rufewar ta zo daidai da fari, har ya sa a wasu sassan Nijar ake kiran yunwar wancan lokaci da sunan El-Buhari. Sai a 1986 aka buɗe iyakokin.

Masu nazarin wancan zamani na ganin abin da ya faru ya yi kama da karin maganar nan, cewa zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Faɗuwar farashin mai da almubazzaranci ne suka jawo matsin, amma lebura da mai gadi aka tasa ƙeyarsu.

An sake ganin irin haka bayan hare-haren Boko Haram na ranar 20 ga Janairun 2012, waɗanda suka halaka aƙalla mutane 185 a Kano, kuma ofishin fasfo na Farm Centre na cikin wuraren da aka kai wa harin. A watan da ya biyo baya hukumar shige da fice ta ce ta mayar da baƙi kusan 11,000 ƙasashensu cikin wata shida, akasarinsu 'yan Nijar da Chadi, ko da yake ƙungiyar a Maiduguri ta samo asali.

Zargin shigo da masu zaɓe

A ƙarshen watan Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar sun halarci gangamin yaƙin neman zaɓen Shugaba Buhari a Kano. Jam'iyyar PDP ta yi tir da hakan, tana zargin APC da shirin shigo da baƙi su yi zaɓe. APC ta musanta, tana mai cewa ziyarar zumunci ce ta maƙwabta.

Doka dai ta fito fili cewa ɗan ƙasa mai shekara 18 ne kaɗai zai yi rajistar zaɓe. Gaskiya ne kuma akan sami baƙi da katin zaɓe. Gabanin zaɓen 2023 hukumar shige da fice ta ce ta ƙwace katunan zaɓe da na shaidar ɗan ƙasa sama da 6,000 daga hannun baƙi a sassan ƙasar.

Sai dai ya kamata a auna wannan adadi da yawan masu rajista, wanda ya haura miliyan 93 a faɗin ƙasar, kusan miliyan 6 daga ciki a jihar Kano. A zaɓen gwamna na 2023, Abba Kabir Yusuf, wanda ya tsaya a NNPP, ya sami ƙuri'a sama da miliyan ɗaya, Nasiru Yusuf Gawuna na APC kuma kusan 890,000. Shari'ar da ta biyo baya, wadda Kotun Ƙoli ta kammala a watan Janairun 2024, a kan ingancin takardun ƙuri'a da rajistar jam'iyya ta ta'allaƙa. Ba a kafa ta a kan ƙuri'ar baƙi ba.

Masu lura da al'amura sun kuma yi nuni da cewa baƙon da ya mallaki katin zaɓe sau da yawa ba don zaɓen ya neme shi ba. Katin ne shaidar da ta fi sauƙin samu, wadda za ta raba shi da tambayoyin jami'ai a shingayen hanya.

Takardar asali

Katangar da ta fi shafar mazauna Tarauni ita ce ta asalin jiha. Sashe na 41 da na 42 na kundin tsarin mulki sun ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama inda ya ga dama, sun kuma haramta nuna bambanci. Amma sashe na 14 ya tanadi rabon muƙamai tsakanin sassan ƙasa, sashe na 147 kuma ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, wanda dole ya kasance ɗan asalinta. Kundin bai fayyace yadda mai zama zai koma ɗan asali ba.

A aikace, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar shaidar asali, galibi bayan masu unguwanni da dagatai sun tabbatar da mutum. Da ita ake neman gurbin karatu, da tallafin karatu na jiha, da aikin gwamnati, da shiga soja ko ɗan sanda.

A 2006 ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan wannan tsari, inda Kano ke cikin jihohin da ta duba, ta kuma ce yana mayar da miliyoyin 'yan Najeriya saniyar ware a wuraren da aka haife su.

Ga mai hali wannan katanga gajeriya ce. Ɗansa zai shiga makarantar kuɗi ko ya tafi waje, iyalinsa za su je asibitin kuɗi, ba ya kuma buƙatar aikin gwamnati. Attajiran Kwara, wato 'yan Labanan da suka daɗe a Kano, da 'yan Indiya da 'yan China masu masana'antu da shaguna, suna da lauyoyin da za su daidaita musu takardu. Wanda takardar asali ke iya rufe wa ƙofa shi ne ɗan direba ko ɗan tela da aka haifa a Unguwa Uku, wanda bai san kowa ba a garin kakansa.

Giɓin da ke tsakani

Su ma masu takardar asalin ba su tsira ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 40 cikin ɗari na 'yan Najeriya na ƙasa da ma'aunin talauci. A Kano adadin ya kai kashi 55, a Sakkwato kusan kashi 88, yayin da a Legas bai kai kashi 5 ba.

Wani rahoton hukumar na 2022, wanda ya duba ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi, ya ce mutane miliyan 133 ne ke cikin talauci, kashi 65 cikin ɗarinsu a arewa, kuma Kano ce ta fi kowace jiha yawansu da sama da miliyan 10.

A wannan jiha ce kuma aka haifi Alhaji Aliko Ɗangote da Alhaji Abdussamad Isyaka Rabi'u, waɗanda ke sahun gaba a jerin attajiran Afirka. Ƙungiyar Oxfam ta ce a 2017 dukiyar mutane biyar mafiya arziki a Najeriya ta kai kusan dala biliyan 30, adadin da a lissafinta zai iya raba ƙasar da matsanancin talauci.

A shekarun 1970 masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ne ke ɗaukar masu shigowa birni aiki. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986, da ƙarancin wutar lantarki, da kwararowar yadi mai araha daga waje sun durƙusar da yawancinsu, musamman masaƙu. Ɗan gari da baƙo sai suka koma gasa a ƙananan sana'o'i guda. Hana acaɓa a birnin a watan Janairun 2013 ya ƙara taƙaita su, sannan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024.

Rufe iyaka ma ba kowa yake shafa daidai ba. Lokacin da aka rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, manyan kamfanonin casar shinkafa a Kano sun sami kasuwa, amma farashin abinci ya tashi, ƙananan fatake da direbobi da 'yan dako kuma suka rasa abin yi. Haka aka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, inda takunkumin ECOWAS ya tsayar da ciniki tsakanin Maraɗi da kasuwannin Dawanau da Kantin Kwari, har zuwa lokacin da aka ɗage shi a Fabrairun 2024.

Abin lura shi ne a wancan karo malamai da sanatocin arewa da jama'ar Kano sun fito sun yi adawa da ɗaukar matakin soja a kan Nijar, alamar da ke nuna cewa ƙyamar baƙi ba ta yi saiwa mai zurfi a garin ba.

Ina jam'iyyu suka tsaya?

Siyasar Kano ta ginu ne a kan batun talaka da mai mulki. NEPU, wadda aka kafa a 1950, da PRP ta Malam Aminu Kano da ta gaje ta a 1978, sun raba al'umma ne ta fuskar zalunci da adalci, ba su ɗora tafiyarsu a kan asalin mutum ba. Soke haraji da jangali da gwamnatin Rimi ta yi a 1979 ya amfani duk talakan da ke zaune a jihar.

Tun daga 1999 mulkin jihar ya bi ta hannun PDP da ANPP da APC da NNPP, a ƙarƙashin Rabi'u Musa Kwankwaso da Ibrahim Shekarau da Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf. Kowanne ya yi iƙirarin gadon Malam Aminu Kano. Amma saɓanin Amurka da Turai, inda jam'iyyu ke da bayyanannen matsayi a kan baƙi, a Kano da wuya a nuna bambancin manufa tsakanin jam'iyyun a kan wannan batu. Wanda ke adawa ne kan yi zargin shigo da baƙi, idan ya hau mulki kuma a yi masa irin zargin.

Dalili ɗaya shi ne baƙon waje ba shi da ƙuri'a, ɗan ci-rani kuma sau da yawa rajistarsa a ƙauye take, don haka ba mai neman yardarsu. Wannan ya fito fili a 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da gwamnonin arewa suka amince a mayar da almajirai jihohinsu na asali. Kano ta kwashe ɗaruruwan yara zuwa Katsina da Jigawa da Kaduna da sauran jihohi, ita ma aka dawo mata da nata, duk da cewa dukkansu 'yan ƙasa ne masu 'yancin zama a ko'ina.

Bakano ma baƙo ne a wani wuri. A 1969 gwamnatin Kofi Busia ta kori baƙi daga Ghana, ciki har da Hausawan zango. Saudiyya da Libiya da Aljeriya sun sha dawo da 'yan arewacin Najeriya da 'yan Nijar da ba su da takardu. A cikin gida kuma, a watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a garin Uromi na jihar Edo a hanyarsu ta komawa Kano daga Fatakwal, bayan an zarge su da satar mutane.

Abin da ke gaba

Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a lokacin za a ci gaba da mutunta fasfo da 'yancin zirga-zirgar 'yan ƙasashen uku har sai an cim ma sabuwar matsaya. Makomar dubban 'yan Nijar da ke zaune a Kano ta dogara ne a kan yadda wannan tattaunawa za ta kaya.

A gefe guda kuma akwai layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, wanda idan ya fara aiki zai ƙara yawan masu kai da komo.

Game da asalin jiha, mataimakin kakakin majalisar wakilai Benjamin Kalu ya gabatar da ƙudurin da zai bai wa wanda ya shekara goma a wata jiha damar zama ɗan asalinta, amma ya janye shi a watan Yulin 2025 bayan suka daga sassa daban-daban.

Masana harkar mulki na ganin akwai matakan da ba sai an gyara kundin tsarin mulki ba: sauƙaƙa rajistar haihuwa da katin zama a matakin mazaɓa, da ɗora ayyukan makaranta da asibiti a kan mazauni da biyan haraji, da gudanar da ƙidayar da za ta nuna ainihin yawan mutanen da ke unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku.

Yayin da jam'iyyu ke shirin zaɓen 2027, ana sa ran zargin shigo da baƙi zai sake tasowa. Abin da mazauna Tarauni za su zuba ido su gani shi ne ko 'yan takara za su haɗa shi da bayani a kan aikin yi da farashin abinci da kuɗin haya, waɗanda su ne ke ci wa ɗan gari da baƙo tuwo a ƙwarya.